FILIN MANOMA: Rigar Masara Da Rawanin Kura

Jama'a, wannan mako za mu jingine zancen takin alkama tukuna, domin wata magana ta taso wadda in ba a warware ta da wuri ba ina tsoron kada ta ci wa waɗansu gona. Mako uku ke nan duk inda na jingine babur, ko bakin kanal a Kadawa, ko wajen masu shinkafa a Kura, ko majalisar bayan La'asar a Bunkure, sai an tare ni da tambaya guda. Wai shin gaskiya ne Turawa sun ƙago injin da a ke zuba masa masara ta sama, riga ɗinkakkiya ta faɗo ta ƙasa? Wani saurayi ne ya fara nuna hoton abin a wayarsa, kafin ka ce kwabo magana ta gama gari. Har wani akawun injin casar shinkafa ya rubuto mini takarda yana tambaya ko ya sayi masara ya ajiye. Wanda ya fi damuna kuwa shi ne wani magidanci mai eka ɗaya da rabi, mai iyali tara, da ya ce mini damina mai zuwa ba zai dasa shinkafa ba, zurma zai shuka, don an gaya masa da manta a ke yin irin waɗannan tufafi, kuma masu saye suna nan tafe.

To, akwai gaskiya cikin maganar, akwai kuma ƙari. Bari mu rarrabe su.

Injin dai yana nan, ba tatsuniya ba ne. Turawa suna kiransa firinta mai 3D, amma ni da za a bar ni in raɗa masa suna da sai in ce injin zanzaro. Ko wane manomi ya san yadda zanzaro ya ke gina ɗakinsa a jikin bango. Ba ya samo curin laka ya sassaƙe. Ɗan kaɗan ya ke kawowa a baki ya manna, ya koma ya kawo wani ya ɗora, har gini ya tashi. Haka mai ginin tukunya ta ke yi, haka maginin katanga ya ke ɗora ƙasa sahu bisa sahu. Wannan inji ma haka ya ke. A kan zana siffar abin da a ke so a kwamfuta, a sa wa injin wani zare mai kauri kamar taliyar murji, naɗe a jikin kwarkwaro. Sai ya ja zaren ya bi da shi ta wani ɗan bututu mai zafi ƙwarai, wajen digiri 200, watau ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Zaren ya narke, bakin bututun ya riƙa yawo yana zubar da shi siriri siriri, sahu na bushewa yana ɗora wani, har abin ya kammala.

Amfanin wannan dabara shi ne ba a yin asarar kaya da yawa. Ku leƙa shagon ko wane tela ku ga tarin ƙyallayen da almakashi ya zubar, duk kuɗin mai yadi ne a ƙasa. Wanda ya gina riga da ɗori ba ya yanka komai, abin da rigar ke bukata kaɗai ya ke zubawa.

Ba kuma sabon abu ba ne kamar yadda samarinmu su ke zato. Wani Ba'amurke mai suna Chuck Hull ya yi rajistar irinsa na farko a 1986, wani kuma, Scott Crump, ya fito da mai narka zare a 1989. Da wa'adin rajistar wannan na biyu ya ƙare a 2009 sai kowa ya sami damar ƙerawa, kuɗinsa ya faɗi warwas. Har a nan maƙwabtanmu, a birnin Lome na ƙasar Togo, wani mutum mai suna Afate Gnikou ya harhaɗa nasa a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da ya tsinto a juji.

Sai maganar masara. Nan ma akwai gaskiya. Zaren da aka fi sa wa ƙananan injunan nan sunansa PLA, kuma ba daga man fetur a ke yinsa ba kamar ledar da ke toshe mana kanal, daga amfanin gona ne. Hanyar yinsa ma rabinta matan gidajenmu sun san ta. A kan jiƙa masara a niƙa a tace, a fid da gasararta. A juya gasarar ta zama sukari. Sa'an nan a zuba wa sukarin waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, 'yan'uwan waɗanda ke sa madara ta zama nono, su ke kuma sa kamu ya yi tsami. Wannan tsamin shi a ke tacewa, a dafa shi cikin manyan tukwanen ƙarfe har ya sarƙe ya zama roba. Babbar masana'antar farko ta wannan aiki kamfanin NatureWorks ne ya buɗe ta a garin Blair na jihar Nebraska a Amurka cikin 2002, a tsakiyar ƙasar masara. A 2018 aka buɗe wata a Rayong ta ƙasar Tailan, ita kuwa da sukarin rake ta ke aiki. Rogo ma yana yi, tun da gasara ce a ke nema, kuma duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo. Amma kada kowa ya ɗauka buhu a ke kwancewa a juye cikin inji. Tsakanin masarar da rigar akwai masana'anta mai cin miliyoyin dala, da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa dare da rana.

Zurma ma ba a yi wa mutumin nan ƙarya ɗungum ba. Tun shekarun 1950 Faransawa su ke yin wani irin nailan da man zurma, suna sayar da shi da sunan Rilsan, yanzu kuma a kan niƙa shi gari a ba manyan injunan ɗori su gina firam ɗin tabarau da sassan takalma. Kusan rabin nauyin ƙwayar zurma mai ne. Sai dai mafi yawan zurmar da masana'antun duniya ke saye daga Indiya ta ke fitowa, musamman jihar Gujarat, inda akwai matatsa da dillalai da jiragen ruwa a shirye tun da daɗewa.

To, yaya rigar ta ke a jiki? Nan ne hoton waya ba ya faɗin gaskiya duka. Wata Baholandiya mai zanen tufafi, Iris van Herpen, ta nuna rigar ɗori a 2010, duniya ta yi ta mamaki, amma riga ce mai tauri kamar ƙoƙo, ta kallo ce, ba a zama da ita a tabarma. A 2015 wata ɗaliba a Isra'ila, Danit Peleg, ta gina kaya kala biyar da ƙananan injuna a gida. Aikin ya ci mata fiye da awa 2,000. Ku raba da biyar, kala guda awa 400 ke nan, kusan kwana goma sha bakwai inji na aiki ba tsayawa. A cikin kwanakin nan telan Kura guda da keken ƙafa zai yi wa unguwa ɗinkin Salla. Daga baya injuna sun ƙara sauri, amma har yanzu ba su kama ƙafar masaƙa ba. Abu na biyu, zaren da ita ta yi aiki da shi mai laushi ne kamar robar silifa, irin wannan kuwa galibinsa daga man fetur ya ke. Watau mai laushin ba na gona ba ne, na gonar kuwa ba shi da laushi. Wannan kullin ne masana su ke ta fama su kwance.

Na sami wani ɗan guntu na PLA, faɗin tafin hannu, an gina shi zobe cikin zobe kamar sulke don ya riƙa lanƙwasa. Wani abokina da mu ka yi makarantar aikin gona tare ne ya aiko mini daga birni. Na sa shi a aljihu na tafi mabugar wani dattijo a Kura, wanda tun yana yaro ya ke bugun turkuɗi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ga tufar zamani na kawo maka ka gani. Da masara aka yi ta."

Ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina, ya goga a kumatunsa. Ya ce, "Malamin gona, wannan tana shan zufa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Tana shan baba?"

Na ce, "Ba ta sha kamar auduga."

Sai ya shimfiɗa ta bisa itacen bugu, ya ɗaga guduma ya sauke mata sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Zobba su ka tarwatse. Ya tattara mini ɓaraguzan a hannu, ya ce, "Ɗana, mayar wa mai ita. Ka ce masa ya ƙara dahuwa."

Na yi dariya, amma gwajinsa daidai ne. Akwai ma wani aibin da bai gani ba. PLA ya kan fara yin laushi da zafi ya kai wajen digiri 60. Mota in an rufe ta a rana cikin watan Afrilu ta kan kai haka, balle dutsen guga na gawayi. Kuma cewa da a ke yi wai yana ruɓewa ya koma ƙasa, sai an sa sharaɗi. Yana ruɓewa cikin babban tarin taki mai zafi da laima wanda a ke kula da shi. In aka jefa shi kanal ko aka yar a gona, zai daɗe yana nan kamar sauran roba.

Kada a ce na kushe abin baki ɗaya. Wajen ƙananan kaya masu tauri yana da kyau ƙwarai: maɓallin riga, da dunduniyar takalmi, da ado a kan yadi, da ɗan abin da ya karye a jikin injin feshi wanda an daina kawo irinsa. Waɗansu masana kuma suna cuɗa garin buntun shinkafa ko zaren rama cikin robar don a rage kuɗi. Wani kamfani a Italiya mai suna WASP, wanda shi ma daga zanzaro ya ɗauko sunansa, ya gina ɗan ɗaki a 2018 da babban injin ɗori, da laka da buntu da bambaron shinkafa. Duk wanda ya ga tudun buntun da ke bayan injunan casa na Kura yana hayaƙi dare da rana zai so a ce an sami mai saye.

Yanzu ga lissafi, ga akawu da ɗan kasuwa. A kan bukaci kimanin kilo biyu da rabi na masara a sami kilo ɗaya na PLA. Buhu mai kilo 100 zai ba da wajen kilo 40 ke nan. Kwarkwaro guda na zaren, mai kilo ɗaya, a kasuwannin Turai da Amurka a kan sayar da shi wajen dala ashirin. Watau buhu guda in ya gama zagayensa ya zama kayan dala ɗari takwas. Ku kwatanta da abin da aka ba ku a buhunku na bara a Dawanau. Bambancin nan ba ya zuwa hannun wanda ya yi huɗa, wajen mai masana'anta ya ke tsayawa. Manomin Nebraska da ke sayar wa masana'antar Blair, kuɗin masara a ke biyansa, ba kuɗin riga ba. Saboda haka amsata ga akawu ita ce, in zai ajiye masara ya ajiye don masu tuwo da masu kaji, kada ya ajiye don riga.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana wannan darasi ba, domin mun taɓa riƙe sana'ar tufa tun daga gona har kan raƙumi. Auduga a gonarmu, mata su gurje su kaɗa da mazari, masaƙa su saƙa turkuɗi ƙyalle ƙyalle wanda faɗinsa bai fi yatsa ba, a ɗinke, a kai karofi. Baba kuwa shuka ne, toka daga murhu, katsi daga rijiyar rinin kanta. Sa'an nan mabuga su buga shuni a jiki har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Ba digon man fetur ko ɗaya a ciki, kuma in rawanin ya tsufa ya yage, ƙasa ce ta ke cinye shi. Abin da masanan Turai ke kashe kuɗi suna nema yanzu, watau tufar da ta fito daga ƙasa ta ke komawa ƙasa, shi kakanninmu su ke sayarwa. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus, ya ƙiyasta cinikinsu a kan wuri miliyan 300 a shekara, a ƙalla. Har gobe Buzayen Agadas sun san rawani ɗan Kura, ba su haɗa shi da wani.

Me ya karya wannan? Ba fari ba ne, ba fara ba ce. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta. Cikin shekaru kaɗan manoman baba na Indiya, waɗanda su ke ciyar da marinan Turai, su ka rasa kasuwa. A hankali garin shunin gwangwani ya iso mana nan ma, gonakin baba su ka ragu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan kamfanin auduga sun so mu noma musu auduga su kai Ingila su saƙa su dawo mana da yadi. Manoman Kano kuwa su ka duba farashi, su ka ga masaƙan gida sun fi biya, gyaɗa kuma ta fi riba, su ka juya ga gyaɗa. Sun yi lissafi, ba su bi jita-jita ba. Daga baya Sardauna ya sa aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, waɗansu su ka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtua da Gusau, auduga ta yi daraja, dubban mutane su ka sami aiki. Sai wuta ta yi wuya, yadin waje mai araha ya cika Kantin Kwari, masaƙu su ka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu ta Kaduna ta tsaya a 2007. Manomin auduga da bai yi laifin komai ba ya wayi gari ba mai saye. Yau fiye da rabin zaren da duniya ke sawa na roba ne daga man fetur, kuma da yawa cikin shaddar da mu ke yin ado da ita ran Juma'a in ka kusantar da bakinta ga ashana narkewa ta ke yi ta dunƙule, ba ta zama toka kamar auduga.

To, da ya ke duniya ta fara gajiya da roba tana waiwayen abin da gona ke bayarwa, wannan labari ne mai daɗi gare mu, ban musa ba. Amma ni a ganina rabonmu a ciki ya fi kusa ta hanyar auduga da baba da rama, waɗanda mun san nomansu, akwai kuma masu sayensu a kusa, bisa ga ta hanyar injin da ko kamfanin yin zarensa ba mu da shi. Masanan Samaru suna da irin auduga masu suna Samcot, a 2018 kuma gwamnati ta yarda da irin da ke kare kansa daga tsutsa. Wanda ke da gonar tudu wajen Karaye ko Rogo ya iya dubawa, in ya sami mai gurza da zai ɗauka. Amma filin da ke shan ruwan Tiga ba na wannan ba ne. Tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, abin da ya ɗaga Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne girbi biyu a shekara, shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko masara ko albasa da rani. Zurma ta kan daɗe a gona. Wanda ya ba ta filinsa ya rasa shinkafar gida, mai yiwuwa ya makara ga shukar rani kuma.

Mutumin nan mai eka ɗaya da rabi na koma na same shi a gonarsa. Na ce, "Malam, wanda ya kawo maka irin nan, ya faɗa maka sunan matatsar da za ta saya?" Ya ce a'a. "Ya yanka maka farashin buhu a rubuce, gaban mai unguwa?" Ya ce a'a. "Ya ba ka wani abu kafin alƙalami?" Ya ce shi ne ma ya biya kuɗin iri, mudu biyu. Na ce to, mai sayar da iri ka gani, ba ka ga mai sayen zurma ba tukuna. Mu ka shirya zai zuba mudu biyun nan a jikin shingen gonarsa ta tudu, inda ba ta tare wa komai wuri, in mai saye ya bayyana da kaka, falillahil hamdu. Na kuma gargaɗe shi, ina gargaɗin kowa, ƙwayar zurma dafi ce. Yaro in ya tauna 'yan kaɗan zai iya mutuwa, tunkuzarta kuma ba a ba dabba kamar ta gyaɗa ko ta angurya. A ajiye ta nesa da rumbu.

Wanda ya ke son ya gwada wani abu na zare ba tare da ya taɓa abincin gidansa ba, ya ja layi biyu na rama a gefen gona da farkon damina. A shuka ta kusa da kusa don ta miƙe ba reshe. Ganye na miya da kwaɗo, in ta fara fure a yanke a ɗaure dami dami, a jiƙa kwana goma zuwa mako biyu har ɓawon ya saki, a saɓule a wanke a shanya. Masu tufkar igiya suna saye a ko wace kasuwar ƙauye. Sai dai a haƙa rami dabam don jiƙon, kada a tsoma ta cikin kanal, domin tana ɓata ruwa da wari, ga mutanen ƙasa da ku suna sha suna shayar da dabbobi.